Matar da ke gefen hoto

Ni kafinta ne, kuma ban taɓa cewa na gane sana'ar Tiyamike ba. 'Yar ƙanwata ce. Shago ɗaya muke a garin Zomba, bayan kasuwa, an raba shi biyu da falanki. Gaba nata ne, ita da kwamfutarta da injin wanke hoto. Baya nawa ne, ni da zarto da ƙusa da gilashi. Ita ta yi hoto, ni in yi masa firam, haka muke ci.

Ga yadda take aikin. Za ta fita da kyamara ta ɗauko tsauni, ko rafi, ko tsuntsu a kan reshe, hoto garau wanda duk mai ido zai ce ya yi. Sai ta dawo ta zauna ta ɓata shi. Tana da wasu hotuna da take kira fata: tsatsar kwanon rufi, ɓawon itace, tsohuwar takardar da ruwa ya taɓa, jikin buhun masara. Sai ta ɗora fatar a kan tsaunin cikin kwamfuta, hawa-hawa, tana rage ƙarfin na sama har na ƙasa ya riƙa leƙowa. Daga nan ta bi launin ta kashe masa zafi. Kore ya yi laushi, shuɗin sama ya koɗe, ja ya koma ruwan ƙasa. Na sha ce mata, "Mutane sai zani ya koɗe suke kyauta da shi, ke kuma sai kin koɗar da naki kike kai wa kasuwa." Sai ta ce, "Kawu Jailosi, kai dai buga ƙusarka." Otal-otal ɗin da ke kan dutse da na bakin tafki suna saye, Turawa suna naɗewa su tafi da shi ƙasarsu. Don haka nakan ja bakina in buga ƙusata.

Abu ɗaya ne ba ya shiga hotonta, shi ne mutum. Masu sayen ba sa so. Sun fi son ƙasar nan wayam, kamar ba a taɓa haihuwar kowa a cikinta ba. In mai ɗauke da itace ta gifta gaban tsauni, ko mai wanki ta sunkuya a bakin rafi, Tiyamike za ta bi gefenta a hankali ta yanke ta, ta cike gurbin da ciyawa. Ba ta zubar da su, don ita ko ƙusa ta tsinta ba ta yarwa, wannan a wurina ta gada. Akwai wuri guda cikin kwamfutar da ta tara duk mutanen da ta cire.

A cikin fatunta kaf akwai wadda ta fi ji da ita. Bangon laka ne ja-ja, wanda aka yaɓe da hannu, ana ganin sawun tafin mai yaɓen yana zagayawa baka-baka, wani a kan wani. Duk hoton da ta ɗora masa wannan bango sai ya yi ɗumi, ka ji kamar ka taɓa shi. Ni kaina, da duk tsiyar da nake yi mata, na san wannan ya yi kyau. Rabin abin da na sa wa firam a shekarun nan yana ɗauke da bangon nan, kuma ban taɓa tambayar na gidan wa ne ba.

Bayan shekarar babban ruwa ne, wadda duwatsu suka zubo wa ƙauyukan gindin tsaunin Mulanje, wani dattijo ya tsaya a ƙofarmu da hantsi. Siriri ne, kwat ɗin da ke jikinsa ta fi ƙarfinsa, da gani ta taimako ce. Yana rungume da ɗan buhu.

"Gafara dai, masu shago."

Tiyamike ta miƙe ta ba shi kujerarta. Aka gaisa, ya tambayi gida, muka tambayi hanya. Ya kwance buhun ya fito da abarba ya jera a kan teburinta, ya ce ba a zuwa wurin mutane hannu rabbana. Ya ce sunansa Wyson Namakhwa, daga Nakhonyo.

Da jin sunan ƙauyen na ajiye guduma. Duk wanda ya saurari rediyo a watannin nan ya san Nakhonyo.

Ya dubi Tiyamike ya ce, "'Yata, ke ce kika ɗauki matata hoto."

"Ni, Baba? Ni ba na ɗaukar mutane. Ko dai shagon da ke kusa da tasha kuke nema?"

"Ke ce. Kin zo da jaka a baya, da hula irin ta maza. Kin tsaya a ƙofar gidanmu kin ce ko za ki iya ɗaukar hoto. Kin ce shagonki yana bayan kasuwar Zomba, tare da kawunki kafinta." Ya juyo ya dube ni, ya dubi zarton da ke rataye. "Matata Enelesi ta ce ki jira. Ta shiga ta watsa ruwa, ta ɗauro zanin da take zuwa coci da shi, ta fito ta tsaya jikin bango. Ina zaune a gindin mangwaro ina kallonku. Ranar nan ko tuwo a makare muka ci, don sai da ta zaga gida-gida ta ba da labari."

Ya yi ɗan murmushi.

"Tun daga ranar, in muka yi faɗa sai ta ce, kai wa ya san ka? Ni hotona yana Zomba."

Tiyamike ta yi tsuru-tsuru. Ni kuwa na ce, "Ita tana ina yanzu, ɗan'uwa?" Na san amsar, amma dole a tambaya.

Ya ba mu labarin a daddafe, yana kallon abarbar. A garin matarsa yake zaune, kamar kowane miji a wajensu, gidansu a filin uwarta, 'yan'uwanta mata a jere dama da hagu. Shi ya je garinsu jana'izar wani ƙanensa, ruwa ya tsare shi can. Da ya samu ya dawo, inda gidajen suke babu ko turmi, sai duwatsu manya-manya da laka. An tono wasu. An tono ɗansu Lakisoni, da wayar da ke da hotunan uwarsa a aljihu, wayar ta zama ƙasa. Ba a ga Enelesi ba. Da aka gaji da tono, sai aka sare kututturen ayaba aka naɗe a zani aka binne a madadinta, kamar yadda ake yi. Yanzu mutanen coci sun haɗa hannu za a kafa mata dutsen kabari a yi taron buɗe shi kafin damina, kuma mai sassaƙa dutsen ya ce in akwai hoto zai iya ɗora fuskarta a jiki.

Na ce, "Allah ya ji ƙanta."

"Amin. Amma ba don dutsen na zo ba, gaskiya." Ya shafa gwiwarsa. "Fuskarta ce ta fara guje mini. Muryarta tana nan, ko yanzu ina jin ta tana kiran kaji. Tafiyarta tana nan. Amma in na rufe ido na ce bari in dube ta, sai in ga laka. Da farko nakan kama ta na ɗan lokaci. Yanzu sai gefe-gefe. Mutumin da kuka tsufa tare! Ina tsoron in wayi gari babu komai. Ba wanda zan tambaya, duk masu kama da ita suna ƙarƙashin dutsen nan tare da ita."

Raina ya ɓaci ƙwarai, ban ma san da wa ba. Na ce wa Tiyamike, "To me kike jira? Buɗe masa."

Ta zauna a kan akwatin takardu ta jawo kwamfutar. Ta shiga nan, ta fita can, kamar mai neman abin da ba ta so ta samu. Can sai ga shi ya cika allon. Bangon nan ne, jan bangon da na sani kamar tafin hannuna, tsirara, ba tsauni ba tsuntsu a ƙarƙashinsa.

Dattijon ya miƙe tsaye.

"Gidana! Ɗan'uwa, gidana ne! Ita ta yaɓe shi, ka ga hannunta. Ba ta yarda kowa ya taya ta, wai mu ɓata mata muke yi."

Ya matso har hancinsa ya kusa taɓa allon. A can gefen dama, daf da inda hoton ya ƙare, akwai gwiwar hannun mutum, da ɗan yankin zani shuɗi mai zanen masara rawaya. Faɗinsa bai wuce yatsu biyu ba. Ni duk shekarun nan ban taɓa ganinsa ba, don Tiyamike tana datse wurin kafin ta yi aiki da shi.

"Ga ta nan! Zanin ke nan. Ja shi nan, 'yata, tana gefe."

Ya nuna da hannu yadda yara suke jan hoto a waya. Tiyamike ta ja. Bangon ya matsa hagu, gwiwar hannun ta biyo shi zuwa tsakiya, bayanta kuma fari fat.

"Ƙara ja."

Ta ƙara. Farin ya ƙaru.

"Ƙara kaɗan. Tana nan, ai a nan ta tsaya."

Na duba ƙasa. Daga cikin kasuwa ana jin ƙarar injin niƙa. Na ɗauka yarinyar nan za ta buɗe baki ta faɗi abin da ni ma na riga na gane. Sai na ji ta ce, da wata murya mai daɗi wadda take yi wa manajojin otal, "Baba, wannan yankakke ne, na aiki. Cikakken yana gida a wani memori. Ku ba ni 'yan kwanaki in nemo in gyara muku. Ku dawo ranar Juma'a."

Ya koma ya zauna, ya sauke ajiyar zuciya. Ya ce ba komai, akwai wani ɗan cocinsu a unguwar Chinamwali, zai sauka wurinsa. Wanda ya jira damina guda, me zai hana shi jiran Juma'a? Ya yi ta sa mata albarka har ya fita.

Ko inuwarsa ba ta gama barin ƙofa ba na ce, "Wane memori?"

"Kawu, don Allah."

"Na ce wane memori? Ni na yi miki akwatin da kike zuba su, duk suna nan ƙarƙashin teburin nan."

Sai ta fashe da kuka. Ta ce bangon ta gani daga hanya, rana ta buge shi ta gefe, ta tsaya. Da ta ce ko za ta iya ɗaukar hoto, bangon take nufi. Kafin ta ankara matar ta shige ɗaki. Ta fito fes, ta tsaya ƙiƙam a tsakiyar bangon, hannu a ƙugu, maƙwabta sun taru suna mata tsiya. Ta yaya za ta ce wa babbar mace, Mama, gusa, ba ke nake so ba? Sai ta karkatar da kyamarar kaɗan ta ɗauki abin da ya kawo ta. Ta danna, ta danna, matar tana ta gyara tsayuwa.

"Duk a ciki ba wanda ta fito?"

"Na duba, Kawu. A wannan kaɗai ma hannunta ya shiga."

"Danna ɗaya! Me zai rage ki? Fim ne za ki ce zai ƙare?"

"Ban yi tunani ba. Rana tana gudu."

"To yaya kamanninta?"

Ta share hanci da bayan hannu. "Ban sani ba. Bangon na kalla."

Na zauna a kan bencina. Na ce mata babu abin yi sai ɗaya. Ranar Juma'a ta durƙusa ta gaya wa bawan Allahn nan gaskiya, ta wanke masa bangon babba, ni in yi masa firam da katakon da na fi ji da shi. Ko ba komai hannun matarsa ne a ciki.

Ta ce, "In gaya masa ta yi wanka ta yi kwalliya ta tsaya, ni kuma na ɗauki laka? In gaya masa duk shekarun da ta yi tana cewa hotonta yana Zomba, gwiwar hannunta ce a Zomba?"

"Ai abin da ya faru ke nan."

"Kawu, ka ga idonsa kuwa?"

"Na gani. Shi ya sa."

Washegari da na zo na tarar ta riga ni buɗe shago, abin da ba ta taɓa yi ba. Na leƙa ta saman falanki, sai na ga ta buɗe wurin nan da take tara mutanen da ta cire. Suna jere a allon ƙanana-ƙanana, kowa a yanke, ba ƙasa a ƙarƙashin ƙafarsa: masu itace, masu wanki, masunta, wata mai goyo, wani a kan keke. Tana bin su ɗaya-ɗaya tana tsayawa a kan mata masu shekaru.

Na ce, "Tiyamike, me nake gani?"

"Aiki nake."

"Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Matar wani za ki ba shi?"

"Shi da bakinsa ya ce ba ya tuna ta. Danginta sun tafi. Maƙwabtan da suka rage an watsa su sansani-sansani. Wa zai ce ba ita ba ce? Mutumin nan abin da zai riƙe yake nema, Kawu. Zan ba shi abin da zai riƙe."

"Shi yake nema, ko ke kike neman inda za ki ɓuya?"

Ta juyo, idonta jawur. "In kana da ƙarfin hali, ranar Juma'a kai ka gaya masa. Ga ka ga shi."

Na ce zan gaya masa kuwa. Na koma bayan falanki na yi ta zarta katakon da ba na buƙata.

Wadda ta zaɓa wata mai sayar da ayaba ce da ta taɓa shiga gaban wani hoton kwari a hanyar Thyolo. Mace ce mai ɗan jiki, baƙa, da ɗaurin kallabi, ta ɗan juya kai gefe tana shirin dariya. Tambayar dattijon yadda matarsa take ba ta taso ba, don mai hoto a hannu ba ya tambayar kamanni. Da ka kawai ta yi aikin.

Zan faɗi gaskiya, ban taɓa ganin ta yi aiki irin na kwanakin nan ba. Ta faɗaɗa bangon, ta ɗebo sawun hannun Enelesi daga hagu ta shimfiɗa a dama har farin ya rufe. Ta tsayar da mai ayaba a wurin, ta lanƙwasa hannunta har ya haɗu da gwiwar nan ta gaskiya. Daga ɗan yankin zanin nan mai faɗin yatsu biyu ta tayar da zani guda, masara bayan masara, har da inda ya tattare a ƙugu. Ta yi mata inuwa a jikin bango, ta gefen da rana ta faɗi. Sannan ta ɗauko bangon ta sake ɗora shi a kan komai, sama-sama, yadda sawun yaɓen ya bi ta kan fuskar da wuya da kallabi, matar da bangon suka zama jiki ɗaya. Ta kashe launin. Ta sassauta idanun da bakin, ba ta goge su ba, ta dai bar su kamar fuskar da ka hango ta bayan labule. Duk wanda ya duba zai ga uwarsa a ciki in yana so. Ni kaina da na daɗe ina kallo sai da ƙanwata, uwar Tiyamike, ta faɗo mini a rai, tsigar jikina ta tashi.

Da ta wanke shi ta kawo mini baya ta ajiye a kan benci.

"Firam, Kawu."

"Ba da katakona ba."

"Kawu."

"Na ce ba da katakona ba. Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya."

"Ni ba 'ya'ya nake nema ba. Furen ma ya ishe shi."

Ta ɗauki abinta ta shiga kasuwa, ta sayo firam ɗin roba mai ruwan zinariya, irin wanda ake sa hoton biki. A shagon kafinta! Ko a ranar ban ji zafin wannan ba kamar yadda na zata, don abin da ke cina ya fi shi.

Ranar Juma'a na zo da maganata a shirye. Na yi ta juya ta a hanya: ɗan'uwa, ka yi haƙuri, yarinya ce, kuskure ne. Muna buɗewa ya iso. Ya yi aski, ya wanke rigarsa, an goge masa kwat ɗin. Ya ce ko shayi bai iya sha ba.

Aka gaisa a tsaitsaye. Na gyara murya na ce, "Ɗan'uwa, zauna, akwai maganar da..." Ban kai ƙarshe ba Tiyamike ta zaro hoton daga takarda ta ɗora masa a cinya.

Ya riƙe shi da hannu biyu. Bai yi kuka ba. Ya nisanta shi, ya kusanto da shi. Ya tashi ya je bakin ƙofa inda haske yake, ya tsaya ya ba mu baya. Masu keke suna wucewa suna ƙararrawa, wata mai gyaɗa ta leƙo ta ga ba fuska ta wuce. Na ce a raina, yanzu zai juyo ya ce wannan ba matata ba ce, ya tofa mana yawu, kowa ya huta. Allah ya sani haka na yi fata.

Ya dawo ya zauna. Ya bi zanin da yatsa ta kan gilashi.

"Zanin ke nan. Ni na sayo mata shi a Limbe." Yatsan ya hau zuwa kallabi, ya sauko kan fuskar, ya tsaya. "Ashe haka take."

Ya shafa gilashin da babban yatsa.

"Ta yi ƙiba a nan. Lokacin muna da awaki." Ya kai hannu ya taɓa saman girarsa ta hagu. "Ni kuwa duk zatona tana da tabo a nan. Kwanon rufi ya yanke ta, shekarar da muka yi aure, iska ta ɗebo shi. Ni na ɗaure mata da rigata. In ta yi fushi wurin yakan yi fari." Ya ƙara duba hoton da kyau, ya karkata shi ga haske. "Babu."

Na ce, "Ɗan'uwa, in ka tuna da tabo, to akwai tabo. Ka riƙe abinka. Wannan hoton..."

Ya ɗaga mini hannu, yana ɗan dariya mara sauti.

"Kai ba ka san yadda kaina ya koma ba. Rannan na kira matar mai masaukina da sunan 'yar'uwata da ta rasu tun ina saurayi. Wataƙila ita ce mai tabon, na haɗa su. Tsufa da baƙin ciki, ba abin da ba sa yi wa mutum. Shi ɗaya ne abin da na ɗauka na riƙe gam, ashe shi ma ba nata ba ne. Ka ga amfanin zuwana. Inji ai ba ya mantuwa."

Tiyamike ta dafa teburi. Ta ce, "Baba, launin ne. Irin aikina ne, yana rufe abubuwa. Tabon yana nan, na rantse yana nan. Ku ba ni shi yanzu-yanzu in fito muku da shi, ku nuna mini daidai wurin."

Ya janye hoton ya manna a ƙirji.

"A'a, 'yata. Kada ki ƙara mata abin da babu don ki faranta wa tsoho rai. Bar ta yadda Allah ya yi ta."

"Baba, ku saurare ni..."

"Kin yi mini abin da ba wanda ya yi mini." Ya rufe ido, ya daɗe a haka, muna tsaye a kansa kamar masu jiran hukunci. Ya buɗe ya dubi hoton, ya sake rufewa. Sai fuskarsa ta saki. "Yauwa. Yanzu in na rufe, ga ta nan. Wannan ɗin nake gani, ba ta gudu."

Ya cire kwat ɗinsa ya naɗe hoton a ciki, ya ɗaure hannayen rigar ta baya don kada gilashin ya fashe a mota. Ya ce mai dutse yana jiransa, gobe-gobe za a fara sassaƙa. Ya miƙa mini hannu, na karɓa. Ya tambaye mu inda motar Phalombe, wadda za ta kai shi wajensu, take lodi yanzu, don an ce an sauya wuri.